Kwana biyu a Cape Coast, ta hanyar da bayi suka taka

Sai da na yi shekara ɗaya da rabi ina karatu a Kumasi ban taɓa ganin teku ba. Mu huɗu ne muke cin abinci kwano ɗaya a ɗakin kwanan ɗalibai: ni daga Kano, wani Bakatsine da muke aji ɗaya, wani ɗan Damagaram mai karatun harhaɗa magunguna, sai ɗan gida, haifaffen unguwar Aboabo a Kumasi, wanda tun ranar da muka sauka a garin shi ne idonmu, shi ne bakinmu. A cikinmu shi kaɗai ya taɓa ɗanɗana ruwan gishiri. Mu ukun, babban ruwan da muka sani bai wuce Tiga da Ajiwa da tafkunan damina ba. Kumasi kuwa garin kurmi ne, ko ta ina ka juya itace ne da tudu da kwano mai tsatsa. Rannan bayan mun gama jarrabawar tsakiyar zango, ɗan Aboabo ya ce abin kunya ne mu koma gida da takardar digiri daga Gana a tambaye mu yaya teku take mu yi shiru. A nan aka yanke magana: Juma'a mu tashi, Lahadi mu dawo, Cape Coast.

Mako uku muka yi muna karo-karo. Ɗan Damagaram muka naɗa ma'aji, don shi ne ba ya taɓa kuɗin da ba nasa ba ko da yunwa za ta kashe shi. Duk Juma'a kowa ya tura kasonsa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, shi kuma ya rubuta a bayan littafinsa. Ya raba kuɗin gida biyar: mota, masauki, abinci, kuɗin shiga wuraren tarihi, sai na biyar da ya ce ba mai taɓa shi sai in wani abu ya faru. Ɗan Aboabo ya yi ta nanata mana abu ɗaya, kada kowa ya manta katin shaidarsa na ɗalibi, domin a ƙofar waɗannan wurare farashin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi kuma daban. Shi ne kuma ya buga waya wani gidan saukar baƙi aka ce masa akwai ɗaki biyu. Ba mu tura kuɗin kafin alƙalami ba, muka ɗauka magana ta isa.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Kumasi, muka ci wake da shinkafa irin na zango, wanda duk Gana ke kira waakye, muka nufi tashar Asafo. Motar haya a nan ba ta da lokacin tashi, cika take jira. Mun fi awa muna zaune a ciki, masu talla suna miƙo ruwan leda da soyayyar agada ta taga, yaron mota yana ta kiran "Cape, Cape, Cape" har muryarsa ta dushe. Wanda duk zai yi wannan tafiya, in zai iya, ya kama motar safe. Mu salla ce ta tsayar da mu, kuma ba mu yi nadama ba, amma sai wajen ƙarfe uku da rabi muka bar tasha, cunkoson fita daga gari kuma ya ci mana wani lokacin.

Tafiyar ta ɗan haura kilomita 200. Ana bi ta Anwiankwanta, a haura tuddan Adansi ta Fomena, sannan a gangaro kogin Pra. Daga can sai Assin Fosu, Assin Manso, mahaɗar Yamoransa, sai gari. Gonakin koko da kwakwar manja suka yi ta wucewa har ido ya gaji. Wani mai wa'azin Kirista ya miƙe tsaye ya yi nasa da yaren Tuwi na Asantawa, ya zauna, wani mai maganin basir ya karɓa. Rana tana gab da faɗuwa muka hau gadar Praso, ɗan Aboabo ya taɓo ni ya ce in duba ƙasa. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, saboda masu haƙar zinariya ta bayan fage. Ya ce a da wannan kogi shi ne iyaka tsakanin ƙasar Asante da yankin da Turawan Ingila ke riƙe da shi a kudu. A 1874 ta nan rundunar Ingila ta tsallaka ta je ta ƙone Kumasi, kuma a cikin masu ɗauke da bindigar akwai Hausawa da aka kwaso daga Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu suka shiga soja. Ya faɗi wannan a hankali, don motar cike take da Asantawa.

A Assin Fosu direba ya tsaya cin abinci, muka samu gefen wani shago muka haɗa magariba da lisha, muka yi ƙasaru. Ƙarfe tara ta gota muka shiga Cape Coast. Ban ga komai ba sai duhu da fitilu, amma iskar ta canza, ta yi nauyi, tana manne wa fata, ga ƙarnin kifi da hayaƙi.

A gidan saukar baƙin muka tarar da tsakar gida cike da mutane sanye da baƙi da ja. Jana'iza ce. A kudancin Gana ranar Asabar ake binne manya, dangi su taho daga ko'ina tun Juma'a, su kame duk wani ɗaki da ke gari. Mai kula da wurin ya ba mu haƙuri, ya ce waɗanda suka biya su aka bai wa. Ba mu da abin cewa, laifin namu ne. Muka gwada wuri biyu, duk labarin ɗaya. Sai ɗan Aboabo ya ce wa mai tasi ya kai mu zango, wajen kasuwar Kotokuraba. Ya ce a Gana in dare ya yi wa Musulmi, masallacin zango yake nema.

A ƙofar masallaci muka samu wani dattijo zaune a kan benci da carbi. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Samari, daga ina da daren nan?"

"Baba, daga Kumasi muke. 'Yan makaranta ne, masauki ya kuɓuce mana."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi garin kowa. Da ya ji Kano sai ya ce kakansa daga can ya fito. Bai ƙara tambayar komai ba, ya tashi ya shiga wani lungu, jim kaɗan ya dawo ya ce, "Hajiya ya ce ku shigo." Haka Hausar zango take, mace da namiji duk "ya" ne, "kyau" kuma ta koma "cau". Farkon zuwana abin yana ba ni mamaki, yanzu kunnena ya saba har yana yi mini daɗi. Hajiyar ta buɗe mana ɗakin ɗanta da ke aiki a Ankara, wato Akra a bakin mutanen zango, ta shimfiɗa tabarma biyu da katifa, ta aiko yarinya da ruwan wanka da shayi. Da ma'ajinmu ya ciro kuɗi ta ɓata rai, ta ce, "Ɗana, in nawa ya je garinku kuɗi za ku karɓa?" Sai ranar tafiya muka yi dabara muka sayo sukari da madara da sabulu muka ajiye mata a bakin ƙofa.

Bayan sallar asuba muka gangara bakin ruwa a ƙafa. Ƙarar ce ta fara iso mana, kamar ana juye tifar tsakuwa ba ƙaƙƙautawa. Muka fito daga wani lungu, sai ga ta. Na tsaya ban iya cewa komai ba sai tasbihi. Abin da ya fi kama ni shi ne rashin ɗaya gaɓar. Duk ruwan da na sani a rayuwata, in ka duba za ka hango tsallake, ka hango bishiya ko mai shanu. Wannan ba shi da tsallake, ya tafi har ya haɗe da sama. Bakatsine ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya ce wallahi gaskiya ne, gishiri ne zalla.

Masunta 'yan ƙabilar Fante sun riga mu fitowa. Kwalekwalensu manya ne, an sassaƙa gindin daga gungumen itace guda, an shafe su da fenti kala-kala, an rubuta ayoyin Baibul da sunayen ƙungiyoyin ƙwallo, ga tutoci na kaɗawa. Wasu mutum kusan ashirin sun jeru a kan igiya suna jan taru daga cikin ruwa, suna waƙa, duk inda waƙar ta faɗi sai su ja da baya taku ɗaya. Wani ya yafito mu, muka kama igiyar. Minti goma tafin hannuna ya yi ja kamar an zuba masa barkono, su kuwa sun fi awa a kai. Mata na tsaye da manyan kwanoni suna jiran a fito da kifi a yi ciniki. An gaya mana da ranar Talata muka zo da ba mu ga ko ɗaya ba, domin a al'adarsu ba a shiga teku ranar Talata.

Daga nan tsohon ginin Turawa da aka riƙa tsare bayi a cikinsa yana kallonka, fari fat a kan duwatsu, igwoyi jere sun juya baki ga ruwa. Turawan Suwidin ne suka fara kafa sansani a wurin a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Ingila a shekarun 1660, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu a wannan gaɓa har 1877 da suka koma Akra. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. A bango akwai allon tunawa da zuwan Barack Obama da iyalinsa a 2009. Muka nuna katin ɗalibai, muka biya, aka haɗa mu da wasu baƙi, yawancinsu baƙaƙen fata daga Amurka, aka ba mu jagora.

Kurkukun maza ake fara shiga. Hanya ce mai gangara cikin duhu, kana sauka zafi na ƙaruwa. Ɗakuna ne na dutse a jere, iska da haske ba su da mashiga sai 'yan ƙananan kafofi can sama kusa da rufi. Jagoran ya ce akan cusa maza har dubu a nan, su yi makonni, wani lokaci watanni, suna jiran jirgi. Ya ce mu dubi abin da muke takawa. Na ɗauka daɓe ne. Ya nuna wani gefe da aka kankare har tubalin asali ya fito, sannan ya ce abin da ke sama da tubalin, wannan baƙin da ya daskare, kashi ne da fitsari da jini da amai na mutanen da aka tsare, ya taru shekara da shekaru har ya zama ƙasa. Wata siririyar kwata ce kawai ta ratsa tsakiyar ɗakin. Sai ya kashe fitila. Bai fi minti ɗaya ba, amma na ji numfashina yana kai-kawo, na ji wata mata a bayana tana shessheƙa. Da ya kunna na ga Bakatsine ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

Daidai saman wannan kurkuku coci ne. A nan Turawan suke ibada ranar Lahadi, mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sama da nan kuma ɗakunan gwamna, tagogi manya, iskar teku na shiga ta ko'ina, daɓen katako. Hawa ɗaya ne tsakaninsu. Akwai wani ɗan ɗaki da ake jefa wanda ya yi tawaye, ba taga, ba ruwa, ba abinci, a rufe har ya cika. Na sa hannu a bangonsa na ji karce-karce.

A ƙarshe aka bi da mu ta gefen kurkukun mata zuwa ƙofar da ake kira ta ba dawowa. Jagoran ya tura ta, haske ya buge mu. A waje masunta ne zaune suna ɗinkin taru, yara na ƙwallo, rediyo na kiɗa. Ta wajen an rubuta mata sabon suna, ƙofar dawowa, saboda jikokin waɗanda aka fitar da suke zuwa. Wani dattijo Ba'amurke ya fita, ya juyo, ya sake shigowa a hankali yana hawaye, 'yan uwansa na tafa masa.

Ni a lokacin kallon baƙo nake yi wa abin. Tausayi ya kama ni ƙwarai, amma a raina tarihin wasu ne: Turawa suka saya, mutanen gaɓa suka sayar, Amurkawa suke kuka. Mu 'yan arewa ina ruwanmu da teku?

Da rana muka hau tasi zuwa Elmina, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, hanya na bin gaɓa ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ginin can ya fi tsufa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, suka miƙa wa Ingila a 1872. Ɗan Aboabo ya matsa sai mun ga ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can tsibirin Sishel, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Mun ga barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so cikin matan da aka tara a tsakar gida. Ban iya daɗewa a nan ba, na fito na tsaya a kan gada ina kallon ɗaruruwan kwalekwale a bakin ruwan Benya.

Da la'asar muka ce sai mun shiga ruwa. A nan ne Allah ya kiyaye. Tekun wannan gaɓa tana da ja ta ƙasa: igiya ta buge ka ta wuce, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta tafi da kai. Bakatsine ya shiga har ƙugu, yana ganin ya iya iyo a dam. Igiya ɗaya ta kayar da shi, kafin ya miƙe ta biyu ta ja shi. Wani saurayi masunci ne ya faɗa ya cafko shi ta wuyan riga. Ya sha ruwa, gwiwarsa ta goge a dutse, kuɗin gida na biyar ya yi amfani a kantin magani. Wanda bai tashi a bakin teku ba, kada ya wuce idon sawu, kuma ya tambayi 'yan wurin inda ake shiga. Da dare muka ci dokunun Fante, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa da ganyen agada, da soyayyen kifi da yajin shito, a wajen wata mai abinci da Hajiya ta ce mu je don ta san abin da take dafawa.

Safiyar Lahadi gardama ta tashi. Bakatsine yana son dajin Kakum, inda ake tafiya a kan gadojin igiya bakwai da aka ɗaure a saman itatuwa. Ɗan Aboabo ya ce hanyar Kakum daban take, in muka je ba za mu samu tsayawa a Assin Manso ba, ga lacca ranar Litinin da safe. Kuɗi ma ba zai kai duka biyun ba. Aka bar wa ma'aji hukunci, ya ce Assin Manso tana kan hanyar gida. Muka yi sallama da Hajiya da Baba, ya yi mana addu'a mai tsawo, muka hau trotro, wato ƙaramar motar haya.

Wurin ba shi da girma, kuma ba cunkoso. A farfajiya akwai kaburbura biyu, na Samuel Carson daga Amurka da wata mai suna Crystal daga Jamaika, bayi ne da aka dawo da ƙasusuwansu aka sake binnewa a nan a 1998. Daga nan aka ce mu cire takalma, muka bi wata siririyar hanya cikin gora har bakin rafi. Sunansa Donko Nsuo, ruwan bayi. A nan ake tsayar da waɗanda aka koro daga nesa, a yi musu wankan ƙarshe, a aske su, a shafe su da mai don su yi kyan gani a idon mai saye, sannan a ƙarasa da su gaɓa.

Ɗan Damagaram ya tambayi jagoran daga ina ake koro su. Ya ce daga arewa, ta kasuwar Salaga, a biyo ta Kumasi, a tsallake Pra, a sauka nan. Ya ce kalmar odonko a yaren Tuwi tana nufin bawan da aka sayo daga arewa, kuma da tsagar fuska ake gane shi. Shi ɗan Damagaram ɗin yana da tsaga a kumatu. Na ga ya kai hannu ya shafa ta, bai ce komai ba.

Ni kuwa sunan Salaga ne ya tsaya mini a wuya. Gidanmu gidan fatake ne. Tun ina yaro nake jin kakata tana ba da labarin fataucin Gwanja da alfahari: yadda ayari ke tashi daga Kano da jakuna, madugu a gaba, a tsallake Kwara, a ratsa Bargu, a yi watanni kafin a isa Salaga, a sauke kanwa da fatu da tufafi, a ɗauko goro. Ban taɓa haɗa wannan Salaga da kurkukun da na shiga jiya ba. Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, amma kasuwar Salaga ta ci gaba da sayar da mutane har kusan ƙarshen ƙarni na 19, kuma Hausa ce harshen ciniki a cikinta. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa garin, mutanensa suka bazu, da yawa suka cika zangunan da muke samun masauki a cikinsu yau. Ashe hanyar da muka biyo ranar Juma'a cikin awa biyar da 'yan kai, muna cin agada, ita ce mutane suka taka a ƙafa, a ɗaure. Namu suna cikin waɗanda aka ɗaure, namu suna cikin masu riƙe da igiyar, namu kuma suna cikin sojan da ya zo daga baya. A makaranta an koya mana Kano da Katsina da hanyar Sahara, ba wanda ya taɓa gaya mana cewa tarihinmu ya gangaro har wannan rafi, kuma ina ganin an tauye mu da aka ɓoye mana. Na tsuguna na sa hannu a ruwan, sanyi ƙarara. Mu huɗun muka karanta Ƙulhuwallahu ga duk Musulmin da ya bi ta nan bai samu mai yi masa salla ba, muka yi shiru saboda sauran.

Samun mota daga nan sai da haƙuri, don yawanci a cike suke wucewa. Muka yi guntun zango zuwa Assin Fosu, a can muka samu ta Kumasi. Bayan lisha muka shiga ɗaki. Ma'aji ya buɗe littafinsa ya karanta abin da aka kashe har sidi na ƙarshe, ya raba ragowar huɗu.

A daren na kira mahaifina. A Najeriya awa ɗaya suke gabanmu, na san ya kusa kwanciya. Na ba shi labarin teku, ya yi ta mamaki, sannan na ce, "Baba, kakanku da ya yi fataucin Gwanja, ban da kanwa da fatu, ayarinsu yana tafiya da bayi?"

Ya yi shiru har na duba ko layin ya katse. Sannan ya ce, "A wancan zamani ayari ba ya rasa bayi. Wasu suna ɗauke da kaya, wasu su ne kayan. Allah ya gafarta musu, ya gafarta mana." Ya tambayi sunan rafin, na maimaita masa sau biyu. Kafin ya ajiye waya ya ce in zan taho hutu in riƙo masa goron Gwanja, fari, kuma in zo da hotunan wurin yana son ya nuna wa ƙannena.